Kwamfutar da Ba Ta Ganin Netwok: Linux, Direbobi da Injinan Tokumbo a Ƙasar Jema'a

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Windows 11 da ta gaje ta kuwa ba ta karɓar yawancin injinan da aka ƙera kafin wajajen 2018, domin tana neman sabon furosesa da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Duk wanda ya san irin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu na Godogodo, da ɗakunan ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da ofisoshin coci da masallaci da makarantun kuɗi na Kafanchan, ya san a wane ɓangaren wannan layi muka faɗo. Kayanmu tokumbo ne: HP EliteBook da ProBook, Dell Latitude da OptiPlex, Lenovo ThinkPad, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, suka bi ta Kwamfuta Bilej ta Ikeja ko Banex ta Abuja ko shagunan Jos, suka iso hannunmu. Lafiyarsu lau, manhajar da ke kansu ce ta tsufa.

Mafita a fili take, kuma kyauta ce. Ubuntu, Linux Mint, Debian da 'yan uwansu na dangin Linux suna tafiya sumul a kan injin mai shekara goma, ba kuɗin lasisi, ba satar maɓalli. Amma ka tambayi masu gyara me ya sa ba sa ɗora wa mutane su, amsar da za ka fi ji ita ce an taɓa gwadawa, aka gama ɗorawa, injin ya ƙi ganin netwok. Mai kaya ya dawo washegari ya ce, "Oga, wannan abin da ka sa mini ba ya kama wayifai, ka mayar mini da na da." Daga nan an rufe maganar, an yanke wa Linux hukunci. Ina ganin hukuncin nan ya faɗa kan wanda ba shi da laifi, kuma mu ne muke asara da shi.

A kan babban allon kowace kwamfuta, wanda masu gyara ke kira bod, akwai wani ɗan cif da bai kai girman farce ba, yawanci kusa da kafar da ake soka kebul. Shi ke karɓar saƙon da ke shigowa ta kebul, shi ke fitar da shi. A laftof akwai na biyu, na wayifai, a kan ɗan kati mai siraran wayoyi biyu, fara da baƙa, da suka bi ta maƙalar murfi suka hau bayan sikirin. Ba HP ko Dell ke ƙera waɗannan cif ba. Saye suke yi daga wasu kamfanoni 'yan ƙalilan: Intel da Broadcom da Qualcomm na Amurka, Realtek da MediaTek na Taiwan. Kowane cif da yarensa, babbar manhaja kuma da nata, don haka dole a sami tafinta a tsakani. Wannan tafinta shi ne direba. In babu shi, cif yana nan da ransa, wuta na shiga, amma manhaja ba ta da hanyar ce masa uffan.

A duniyar Windows, wanda ya ƙera cif shi ke rubuta direba, ya rufe shi, ya miƙa. Ba wanda ke ganin abin da ke ciki, kuma ranar da kamfani ya ga cif ɗin ya daina kawo kuɗi, ranar ce direban ya daina samun gyara. Tsarin Linux dabam ne. Tun da Linus Torvalds ya fara shi a Helsinki a 1991, al'adar ita ce a shigar da direba cikin kanel, wato zuciyar manhajar, a rubuce a buɗe ƙarƙashin lasisin GPL, kowa ya karanta, kowa ya gyara. Fiye da rabin rubutun kanel ɗin Linux a yau direbobi ne. Masu kula da shi sun ƙi yin alkawarin cewa tsarin cikinsa zai tsaya cik, suna sauya shi duk lokacin da suka ga hanya mafi kyau, amma da sharaɗi: wanda ya sauya wani abu, shi zai bi duk direbobin da abin ya shafa ya daidaita su. Saboda haka direban da ya shiga ciki yana samun kulawa shekara da shekaru ko da kamfaninsa ya manta da shi. Wanda ya tsaya a waje kuwa, duk bayan mako tara ko goma da sabon kanel ya fito, yana iya karyewa.

Wannan bambanci na ciki da waje shi ne kusan dukkan labarin.

Ta ɓangaren kebul an daɗe da cin yaƙin. A shekarun 1990 wani injiniya mai suna Donald Becker, yana aiki a cibiyar Goddard ta hukumar NASA, ya rubuta direbobin katunan netwok masu yawan gaske, domin yana so ya haɗa ƙananan kwamfutoci masu araha su yi aikin babba, aikin da aka sani da Beowulf tun 1994. Har yau sunansa na saman fayiloli da dama a cikin kanel. Intel kuma ta zaɓi ta riƙa rubuta nata direbobin a buɗe da ma'aikatanta, e1000 da e1000e da igb da igc, shi ya sa injinan ofis irin su OptiPlex da ThinkPad, waɗanda galibi cif ɗin Intel ke cikinsu, suke kama kebul tun kafin a gama ɗora manhaja. Realtek, wadda aka kafa a Hsinchu a 1987, ita ce ta talaka. Cif ɗinta RTL8139, daga baya kuma dangin RTL8111 da 8168, suna kan bod masu araha bila adadin. Direban r8169 na cikin kanel yana tuƙa dangin RTL8111 da 8168, kamfanin kuma yana raba nasa, r8168, a waje. Shekarun baya akan shawarci mutum ya cire na ciki ya sa na kamfani idan kebul na yankewa. Shawarar ta tsufa, domin an yi wa r8169 gyare-gyare masu yawa, amma har yanzu za ka ga ana bin ta ido rufe, a jawo wa injin matsalar da ba shi da ita.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na nForce. A farkon shekarun 2000 Nvidia ta yi wannan cif na bod mai netwok a jiki, ta ba masu Linux direba rufaffe, ta ƙi fitar da takardun cif ɗin. Sai wasu mutum uku, Carl-Daniel Hailfinger da Andrew de Quincey da Manfred Spraul, suka raba aiki. Wasu suka tono yadda rufaffen direban yake magana da cif suka rubuta bayani, ɗaya kuma, wanda bai taɓa leƙa cikin na kamfanin ba, ya ɗauki bayanin ya rubuta sabo fil. An yi haka ne don kada a ce sun kwafi kayan wani. Sunan direban forcedeth, ya fito wajajen 2003. Daga baya Nvidia da kanta ta shiga taya su gyara shi, ta bar nata. Tsofaffin destof masu furosesan AMD da ke wasu shagunanmu har yau da wannan aikin sa-kai suke shiga intanet.

Kada a ɗauka buɗaɗɗen direba ba ya kuskure. A 2008, ana gwajin kanel 2.6.27, wasu masu gwaji suka tarar cif ɗin Intel na kebul a injinansu ya mutu, har Windows ma ba ta ganin sa. Wani ɓangare na kanel, mai bin sawun aiki da ake kira ftrace, shi ne yake rubutu a inda bai kamata ba, yana ɓata ƙwaƙwalwar da cif ke ajiye bayanan kansa. Abin ya yi muni. Sai dai a bainar jama'a aka yi binciken, injiniyoyin Intel da na kamfanonin Linux suka haɗu a kai, cikin makonni aka gano tushen, aka kuma sa wa ƙwaƙwalwar kariya daga rubutu. Ni wannan nake nema daga kowace manhaja: in ta yi ɓarna a san dalili, a kuma toshe.

Wayifai ne inda aka sha wuya, kuma shi ne ya ɓata wa Linux suna a wurinmu, domin mu mutanen laftof ne da hosfot na waya. Kamfanoni sun daɗe suna fakewa da cewa dokokin sadarwa sun hana su sakin abin da zai bar mutum ya sauya ƙarfin rediyo ko zangonsa. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma tsoron kada abokan hamayya su ga sirri. A tsakiyar shekarun 2000 mutane sun koma ga NDISwrapper, wata dabara ta ɗauko direban Windows a lulluɓe shi ya yi aiki a Linux, yau ya yi gobe ya ƙi. Atheros, wata mai ƙera cif, ta sakar wa duniya direban ath9k a buɗe a 2008, bayan mutanen babbar manhajar OpenBSD, waɗanda ba sa yarda da rufaffen direba ko kaɗan, sun riga sun tono sirrin tsofaffin cif ɗinta. Broadcom, wadda ta fi kowa taurin kai, sai a Satumba 2010 ta saki buɗaɗɗen direba ga wasu cif nata, kuma har yau akwai tsofaffin laftof na Dell da HP da MacBook da ke buƙatar rufaffen direbanta mai suna wl. Tun Janairu 2007 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da kanel, ya yi wa kamfanoni tayin cewa su kawo takardun kayansu kawai, za a rubuta musu direba kyauta. Wanda bai amsa ba, ba kuɗi ya hana shi ba.

Cif biyu na Realtek sun cancanci a ambace su da suna, domin suna cikin ƙananan laftof masu araha da ɗalibai ke saye. RTL8723BE yana da kafar eriya biyu, amma wasu masu haɗa laftof eriya ɗaya suka sa don rage kuɗi. Direba ya saurari kafar da babu komai a kanta, sai ka ga sigina sanda ɗaya alhali wayar da ke ba da hosfot tana kan teburi ɗaya da injin. Maganin layi ɗaya ne, a gaya wa direban ya koma ɗaya kafar da umarnin ant_sel. RTL8821CE kuma bai sami shiga kanel ba sai fitowa ta 5.9, a ƙarshen 2020. Ubuntu 20.04 ta fito da kanel 5.4. Ke nan mai gyaran da ke yawo da tsohon filash tun wancan lokaci zai ɗora, wayifai ya ƙi fitowa, ya rantse Linux ba ta da amfani, alhali Ubuntu 22.04 mai kanel 5.15 tana ganin cif ɗin. Shekaru masu yawa wanda ya riƙe wa duniya direbobin wayifai na Realtek wani dattijo ne Ba'amurke, Larry Finger, masanin ma'adinai da ya yi ritaya ya koma wannan aiki ba albashi. Ya rasu a Yunin 2024. Akwai ɗalibai a Kafanchan da suka rubuta furojet ɗinsu ta hanyar aikinsa ba su taɓa jin sunansa ba. Kuma abin dubawa ne cewa kayan kamfanin da ke sayar da cif miliyoyi ya dogara haka a kan mutum guda mai aikin sa-kai.

Saura famwe. Yawancin cif na wayifai, har da na Intel, suna da ɗan furosesa nasu a ciki, kuma duk lokacin da aka kunna injin sai direba ya loda musu wata 'yar manhaja daga kamfani. Direban a buɗe yake, famwe ɗin a rufe. Shekara da shekaru Debian ta ƙi sa irin waɗannan fayiloli a faifan ɗorawarta na hukuma, saboda aƙidarta ta 'yantacciyar manhaja. Ina girmama aƙidar, amma wanda ya ɗanɗana kuɗarta shi ne mutumin da ba shi da wata hanyar shiga intanet sai wayifai. A Oktoba 2022 mambobin Debian suka kaɗa ƙuri'a suka sauya, Debian 12 da ta fito a Yunin 2023 ta zo da famwe a ciki. A ganina sun yi daidai, sun dai makara.

Dalilin da ya sa na ce haka yana nan gida. Direban sauti ko na firinta in ya ɓace, ka shiga intanet ka sauko da shi. Na netwok in ya ɓace, da me za ka shiga? Mutumin Berlin zai jawo kebul daga bango. Mutumin Godogodo ba shi da kebul a bango. Intanet ɗinsa data ce ta waya, wadda kuɗinta ya ƙaru tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, siginar kuma tana zuwa tana tafiya, wutar cajin ma haka. In abin ya gagara, sai ya hau mota ko acaɓa zuwa Kafanchan, ya biya kuɗin hanya da na gyara, ya rasa yini. Abin da wasu ke ɗauka ƙaramar matsala, a nan yana iya zama dalilin da zai sa a koma wa Windows ta sata wadda ba ta ƙara samun gyaran tsaro, a kuma ci gaba da shiga asusun banki da ita.

Ba yau ƙasar nan ta fara kokawa da irin wannan ba. Gidauniyar Fantsuam, wadda John Dada da Kazanka Comfort suka kafa a 1996, tana Bayan Loco a Kafanchan, ta yi suna wajen koyar da kwamfuta da injinan da aka sabunta, har cibiyarta ta karatu ta ci kyautar Hafkin ta ƙungiyar harkar sadarwa ta APC a 2001. A tsakiyar shekarun 2000, da tallafin IDRC ta Kanada, ta kafa Zittnet, ta ɗauko intanet daga tauraron ɗan'adam ta rarraba ta iska ga makarantu da cibiyoyi a garin, tun wayar hannu ba ta zama abin da ta zama ba. Ta kuma yi aiki da wani kamfanin Ingila, ExpLAN, a kan kwamfutar Solo mai cin wuta kaɗan, wadda aka tsara don zafi da ƙura da rashin lantarki. Abin da suka gane tun lokacin yana nan daram: kayan da ke zuwa mana ba don mu aka ƙera su ba, kuma kamfanin da ya ƙera su ba shi da ofis a kusa. Sai mu iya buɗe su da kanmu, ciki da waje.

A nan ne ma tsufan kayanmu ya zama riba. Sabon cif shi ke wahalar da Linux, domin direba kan biyo bayan kaya da watanni. RTL8125B mai gudun gigabit biyu da rabi, alal misali, ya riga direbansa isa kasuwa, masu sababbin bod suka yi ta jira har kanel 5.9. Cif mai shekara takwas kuwa an gama da shi tuntuni, an gano lahaninsa, an gyara. Ba har abada ba ne, domin a 2024 an cire wasu direbobin wayifai na zamanin 1990 da ba mai kula da su, amma wannan tazarar ta fi ta kowane kamfani nisa ba kusa ba.

To me ya rage wa mai gyara da mai saye? Abu na farko shi ne a daina kallon sunan da ke kan murfi. Laftof biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya ɗauke da katin wayifai dabam-dabam. Har 'yar sandar wayifai ta USB haka take: TP-Link TL-WN722N fitowar farko cif ɗin Atheros ne, yana aiki nan take, fitowa ta biyu da ta uku Realtek ne, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya. Hanyar sanin katin da ke cikin injin ita ce a tayar da shi daga filash ba tare da an taɓa hadis ba, abin da Ubuntu da Mint duk suke bari a yi, a buɗe tagar umarni a rubuta lspci -nn. Layin netwok zai fito da lambobi a ƙarshe: 8086 Intel ne, 10ec Realtek, 14e4 Broadcom, 168c Atheros. Minti biyar aikin yake ci, a tsaye a gaban mai shago, kafin kuɗi ya fita daga aljihu. In ka ga sunayen hosfot na maƙwabta sun jero a kusurwar sikirin, magana ta ƙare.

In kuma an riga an saya, wayifai bai fito ba, wayar Android da ke aljihu ta isa. A soka ta da kebul ɗin caji mai ɗaukar data, a kunna raba intanet ta USB a saitinta, Linux za ta gan ta kamar katin netwok ba tare da an ƙara komai ba, daga nan a sauko da abin da ya ɓace. Kafin a zargi direba ma, a duba ko maɓallin jirgin sama ne a kunne, umarnin rfkill list zai nuna. A duba ko Windows da ke gefe ɗaya na hadis ce ta bar cif a kulle saboda saurin tashinta. A kuma tuna da damina. Tsawar kudancin Kaduna tana bin dogon kebul ta ƙone cif ɗin kan bod, kuma cif ɗin da ya ƙone ba direban da zai tashe shi. Maganinsa ɗan adafta na USB mai kafar kebul, irin mai cif ɗin ASIX ko RTL8153, waɗanda kanel ya sani. Katin wayifai mai taurin kai kuwa, a yawancin tsofaffin laftof sukurori ne kawai ke riƙe da shi, ana iya cire shi a sa na Intel daga mataccen injin, sai dai wasu tsofaffin HP da Lenovo suna ƙin tashi da katin da ba ya cikin jerin da kamfani ya yarda da shi.

Akwai waɗanda za su ce duk wannan wahala ce, Windows ba ta sa mutum haka. Wanda ya taɓa ɗora Windows 7 a kan sabon hadis ya san ba haka ba ne: ita ma takan tashi ba netwok, shi ya sa kowane shago yake da filash cike da tarin direbobi. An saba da waccan wahalar ne har an daina ganin ta. Abin da na yarda da shi shi ne cewa akwai ayyukan da ke ɗaure mutum ga Windows, kamar wasu manhajojin zane da na hukumomi, kuma ba na cewa kowa ya ƙaura. Amma mai buga takarda, da malamin makaranta, da ɗalibar da ke neman abin rubutu da burauza, ba abin da ya tsare su sai wannan ɗan cif da tsohon labarin da ake yaɗawa a kansa.

Kirana ga sassan koyar da kwamfuta na Gidan Waya da harabar Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da duk mai shagon da ke da yara masu koyon gyara: ku sauko da sabon Linux sau ɗaya a inda intanet ke da ƙarfi, ku raba shi a filash, ku sabunta shi duk shekara. Ku buɗe littafi a shago, duk injin da ya shigo a rubuta sunansa da lambar cif ɗinsa da abin da ya yi aiki a kansa. Masu sayo kaya da yawa don makaranta ko ofis kuma, ku sa wa dillali sharaɗi tun kafin ciniki cewa sai an tayar da kowane injin daga filash an ga ya kama kebul da wayifai, sannan a biya.